Tsohon babur ya ƙi tashi: inda ake fara nema kafin a kwance inji

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar bakanike a Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu ya san yadda zancen ke farawa. Mai babur ya turo shi yana haɗa gumi, ya kafe shi bakin rumfa, ya ce, "Maigida, shina tashi, sai shi mutu." Kafin ya rufe baki yaron shago ya ɗauki sukudireba ya nufi kafireta, wani mai zaman benci kuma ya riga ya yanke hukunci cewa ringi ne. A nan asara ke somawa. Da yawa daga cikin tsofaffin baburan da ake farke wa inji ba injin ne ke ciwo ba. Fulogi ne, ko ruwa a tanki, ko kwantak da ya tsuke, abin da ba zai ci rabin awa ba.

Baburan da ake magana a kansu gida biyu ne. Akwai masu bawul, waɗanda baƙin mansu ke zaune a cikin inji: Honda CG125 da aka fara ƙerawa a 1975, da Benly da Roadmaster masu fistin biyu da kafireta ɗaya, da ƙananan C70 da C90. Akwai kuma masu shan man 2T tare da fetur, ba su da bawul irin na waɗancan: Yamaha YB100, Suzuki A100, Vespa, da Jincheng ɗin da 'yan acaba suka yi yayi kafin zuwan Boxer. Dukkansu abu huɗu suke nema: fetur da iska daidai gwargwado, matsi a cikin bulok, wuta a bakin fulogi, da zuwan wutar nan a kan lokacinta. Idan babur ya ƙi, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya saɓa. Aikin bakanike shi ne ya gano wanne, ya fara daga mai araha, kuma ya riƙa taɓa abu ɗaya yana gwadawa kafin ya taɓa na biyu. Wanda ya canza fulogi da koyil da kafireta a zama ɗaya, ko da babur ya tashi, bai san abin da ya gyara ba, mai babur kuma ya biya kuɗin abu uku.

Tambaya tana gaba da sifana. Ya mutu ne farat ɗaya kamar an kashe makulli, ko kuwa ya yi ta shaƙewa yana fizga kafin ya tsaya? Na farko yawanci wuta ce, na biyu yawanci mai. A ina aka sha fetur na ƙarshe? An ratsa ruwa da shi a fadama? Wa ya taɓa shi a baya, kuma me ya taɓa? Wannan ta ƙarshen ita ce masu babur ke yawan ɓoyewa, alhali ita ce ta fi saurin kai mutum ga inda matsalar take.

Sai a taka kik a hankali, ba don a tayar ba, don ƙafa ta ji. Inji mai lafiya yana turjiya a wani wuri, sai an danna da ƙarfi ya wuce. Idan kik ya zarce ƙasa salalau kamar ba komai a ciki, matsi ya zube, za a dawo kan wannan. Idan akwai turjiya, a cire fulogi.

Fulogi shi ne shaidar da ta ga abin da ya faru a cikin inji, don haka kada a goge shi kafin a karanta shi. Bakinsa ruwan ƙasa, kamar shayi da madara, alamar komai daidai. Baƙin toka busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo da danshi a babur mai bawul, baƙin mai na hawowa sama. Fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan kuma inji na ƙuna, wannan shi ne mafi haɗari duk da cewa shi ya fi kyau a ido. Idan kuma an yi ta kik amma fulogi ya fito a bushe ƙayau ba ko warin fetur, to mai ba ya isowa. Idan ya fito sharkaf da fetur, mai na zuwa, wuta ce babu, ko kuma an cika shi da cok.

Lambar da ke jikin fulogi ba ado ba ce. A tsarin kamfanin fulogi na NGK harafin farko faɗin zare ne: B milimita 14, D milimita 12, C milimita 10. Lambar tsakiya tana nuna yadda yake zubar da zafi, mai 8 ya fi mai 7 sanyi. Harafin da ke biye tsawon zare ne, E dogo milimita 19, H gajere wajen milimita 12.7. Shi ya sa CG ke ɗaukar D8EA, C70 da C90 ke ɗaukar C7HSA, masu shan 2T da yawa kuma B7HS ko B8HS. Ɗaura dogon fulogi a gurbin gajere na iya sa fistin ya doke shi, gajere a gurbin dogo kuma yana barin zaren ƙasa ya cika da gawayi, ranar da aka kawo na daidai ya ƙi shiga. Tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Kuma da hannu ake fara ɗaura shi har ya zauna, sannan a ƙara masa rabin zagaye da sifana idan sabo ne, ƙasa da haka sosai idan tsoho ne, domin kan injin alminiyom ne, zarensa ba ya jure mugunta.

Gwajin wuta kowa ya san shi: a mayar da fulogi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin fulogi, a buga kik. Shuɗiyar wuta mai ƙara "tas-tas" ita ake so. Ja ko ruwan ɗorawa mai rauni ba ta isa ba. Amma gwajin nan yana yaudara, saboda tsallake rabin milimita a sararin iska ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tsallake shi cikin matsin bulok. Gwajin gaskiya shi ne a warware hular, a riƙe wayar da busasshen tsumma wajen milimita 6 daga jikin inji. Idan wuta ta tsallake wannan tazarar, koyil da maganeto sun fita daga zargi, laifin na hula ne ko fulogi. Sau da yawa ma bakin wayar ne ya yi kore da tsatsa. A datse rabin santimita a sake murɗa hular, shi ke nan.

Idan wuta ba ta nan ko ta yi rauni, a babur na da can da bai zo da CDI ba, wato ɗan akwatin lantarki da ya maye gurbin kwantak, sai a buɗe murfin maganeto a leƙa kwantak ta tagar da ke jikin kwanon. Yaran shago na yanzu da yawa sun tashi ne a zamanin CDI, ba su taɓa saita kwantak ba, shi ya sa suke saurin cewa a sake wayarin gaba ɗaya. Abin ba wuya gare shi ba. Bakuna biyu ne ke buɗewa da rufewa, kuma a daidai lokacin da suka rabu ne fulogi ke ba da wuta. Idan sun buɗe iyakar buɗewa, tazararsu milimita 0.3 zuwa 0.4 ce. Ɗan dunduniyar da ke gogar kam yana cinyewa a hankali, tazara ta ragu, wuta ta riƙa makara, babur ya yi nauyi ya riƙa zafi. Idan kuma aka buɗe tazarar fiye da kima, wuta ta riga lokaci, sai kik ya riƙa dukan ƙafa yana dawowa. A jikin kwanon akwai haruffa biyu, F da T. F na wuta ne, T kuma na nuna fistin ya kai can sama. A sa siririyar takarda, irin ta cikin kwalin sigari, tsakanin bakunan kwantak, a riƙa juya kwanon a hankali ta inda inji ke juyawa ana ɗan jan takardar. Lokacin da ta saki, ya kamata F ya kasance daidai da alamar da ke jikin inji. Bakunan da suka yi datti a goge su da lallausar samfefa, a bi da tsabtatacciyar takarda, don ɗigon maiƙo ɗaya ya isa ya kashe wuta.

Idan ana ganin tartsatsi mai yawa a bakin kwantak ɗin kansa, bakunan sun ƙone sun yi rami-rami, to kondensa, wadda aikinta rage wannan tartsatsin, ita ce ta gaji. Canza kwantak a bar tsohuwar kondensa aikin baban giwa ne, sabon ma zai ƙone. Akwai kuma wata mai rikita ƙwararru: wuta shuɗiya lafiya lau, mai na zuwa, matsi na nan, amma babur sai harbi a salansa. A nan a zargi ɗan ƙaramin ki mai kamar rabin wata da ke riƙe kwanon maganeto a kan kuransha. Idan ya karye, kwanon ya goce, F ɗin da ake gani ƙarya yake faɗa. Kwanon nan da abin jansa ake cire shi. Dukansa da guduma na raunana maganaɗisu, yana kuma iya lanƙwasa bakin kuransha.

A ɓangaren mai, daga tanki ake farawa, ba daga kafireta ba. A zare tiyo, a buɗe makunnin mai, a tara a farar kwalba. Ya kamata ya zubo a miƙe ba ɗis-ɗis ba. A bar kwalbar ta natsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ɓaro-ɓaro. Wannan ne ya sa babur kan fara tari jim kaɗan bayan an juya shi zuwa rizab, domin rizab daga can gindin tanki yake ja, inda ruwa da tsatsar shekaru suka taru. Mai na jarka da galan, irin na 'yan bumburutu da ake dogaro da su a ƙauyukan da ke nesa da gidan mai, ba duka ne gurɓatacce ba, amma ya fi haɗuwa da ƙura da ruwa, wani lokaci da kananzir. A ɗiga shi a farar takarda: fetur zalla zai bushe bai bar komai ba, mai kananzir zai bar tabon maiƙo. Gwajin ba ya aiki idan an riga an zuba 2T a ciki. Tankin da ya yi tsatsa a cire shi, a zuba masa notuna da ɗan kananzir a girgiza sosai, a ɗauraye, a bushe, sannan a sa ƙaramar matata a tsakiyar tiyo.

Sai yanzu aka iso kafireta. Ba hanya ɗaya mai ke bi a cikinta ba. Daga silo zuwa kwatan totur ƙaramin jet ne ke aiki, daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu allura ce, daga nan zuwa ƙarshe babban jet. Don haka inda babur ke shaƙewa shi ke nuna inda za a duba. Wanda ba ya tsayawa a silo sai an riƙe masa cok, amma yana gudu lafiya a hanya, ƙaramin jet ɗinsa ne ya toshe, kuma ramin nan bai kai kaurin allurar ɗinki ba. A busa shi da iska, ko a bi shi da silin wayar tagulla guda ɗaya. Cusa masa allura ko wayar ƙarfe na faɗaɗa ramin, ana kukan targaɗe sai ga karaya, babur ya koma shan mai har abada. Cok kansa ma'auni ne: idan an ɗan ja shi a kan tafiya babur ya ƙara lafiya, mai ne ya yi masa kaɗan, idan ya ƙara shaƙewa, dama mai ya yi yawa. Fetur na tsiyaya ta ƙasan kofi kuwa, ko datti ya tokare allurar fulot, ko bakinta ya ci, ko fulot ɗin tagulla ya huje. A girgiza shi kusa da kunne, in an ji motsin ruwa a ciki ya gama aiki.

Sukurin gefe da kowa ke son murɗawa iri biyu ne, kuma aikinsu kishiyar juna ne. Wanda ke ɓangaren da iska ke shigowa, iska yake sarrafawa, sassauta shi na rage ƙarfin mai. Wanda ke ɓangaren inji, mai yake sarrafawa, sassauta shi na ƙara mai. A ɗaure shi a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba, a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, a bar inji ya yi ɗumi, sannan a riƙa juyawa kwata-kwata har a sami inda ƙarar inji ta fi tashi da daidaito. Daga nan a sauke silo da ɗayan sukurin.

Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, roƙon da bakanikai ke yawan ji shi ne a rage wa babur shan mai. Sai a sa ƙaramin jet, ko a ɗaga kilif ɗin allura sama don allurar ta nutse. Mai zai ragu, gaskiya ne. Amma injin da iska kaɗai ke sanyaya shi yana dogara da wannan ɗan rarar fetur don rage zafi, kuma a watan Afrilu a Kebbi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga buhun shinkafa ko albasa a baya, abin da aka tara a mai ana mayar da shi ninki a fistin da borin, wato faɗaɗa ramin bulok. Haka masu cire matatar iska su yar wai don babur ya numfasa. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai a bangon bulok samfefa ce. Matata ta soso a wanke ta da kananzir, a matse ba murɗewa ba, a shafa mata ɗan baƙin mai a sake matsewa. Ta takarda ba a wanke ta, ba a sa mata mai, kakkaɓewa ake yi ko a canza.

Yanzu a koma ga koken mutumin farko, ko ɗan'uwansa da ya fi shi ciwon kai: babur ya tashi lafiya da safe, ya yi tafiyar minti 15 ko 20, ya mutu, in ya huce ya sake tashi. Abu uku ne ke kawo wannan, kuma ba a rarrabe su sai a daidai lokacin da ya mutu, yana da zafinsa. Da farko a buɗe murfin tanki a kasa kunne. Idan aka ji ya ja iska "fuu", ɗan ramin numfashin murfin ne ya toshe, mai ya kasa sauka. Idan ba haka ba, a gwada wuta nan take. Babu wuta da zafi amma akwai da sanyi, koyil ne ko kondensa. Idan wuta na nan, a taka kik. Ya yi laushi fiye da yadda yake da safe? Bawul ne ya matse.

Bawul na buƙatar ɗan sarari saboda ƙarfe na miƙewa da zafi. Idan sararin ya ƙare, bawul ba ya rufewa ruf, matsi ya tsere, wuta kuma ta riƙa lasar bakin bawul ɗin hayaƙi har ya ƙone. Ana saita shi ne inji na sanyi ƙalau, gara wanda ya kwana. A juya kwanon maganeto har T ya zo kan alama. T yana zuwa sau biyu kafin inji ya cika aikinsa guda, wanda ake nema shi ne wanda roka biyun, ƙarafan da ke danna bawul, duka suke da ɗan motsi in an girgiza su. Idan sun ƙame, a ƙara zagaye ɗaya. CG milimita 0.08 ne gaba da baya, C70 da C90 milimita 0.05. Ma'aunin fila, siririn ƙarfen auna tazara, ya riƙa shiga da ɗan ja kaɗan, a riƙe sukurin kada ya juya sannan a ɗaure noti, a sake aunawa. Masu babur na son inji shiru, wasu bakanikai kuma kan matse bawul don faranta musu. Ɗan "cak-cak" na bawul ba ya kashe inji. Shirun ne ke kashewa.

Masu shan 2T nasu ciwon daban ne, domin a wurinsu ɗakin kuransha ma wurin matsi ne, kuma oyil sil biyu ne ke tsare shi. Idan na ɓangaren maganeto ya mutu, iska na satar shiga: silo ya ƙi sauka bayan an saki totur, fulogi ya yi fari, ƙarshenta fistin ya kama. Idan na ɓangaren kuloci ne, inji na zuƙar man giya: hayaƙi fari mai kauri da wari daban, fulogi na yawan jiƙewa, man giya na raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Duk murɗa kafireta ba ya maganin ko ɗaya. A YB100 da A100 kafiretar ma a ɓoye take cikin murfin inji na dama, don haka gasket da robobin murfin nan su ma abin dubawa ne. Rashin ƙarfi a hankali a hankali kuma, babur na ƙugi ba ya gaba, sau da yawa gawayi ne ya tsuke ƙofar hayaƙi da cikin salansa.

Batun famfon 2T yana son taka-tsantsan. Da yawa an cire nasu an koma zubawa a tanki. In za a yi haka, a auna: Vespa mililita 20 a kowace lita, na Japan da aka cire wa famfo wajen mililita 30 zuwa 40. "A ɗan tsiyaya" da ido ba awo ba ne. Sannan a wasu injinan Suzuki masu tsarin CCI famfon yana kai mai kai tsaye ga boris ɗin kuransha, cire shi na iya barin boris ɗin da ƙishi ko da an zuba mai a tanki.

To yaushe ake kwance inji? Idan an saita bawul amma matsi bai dawo ba. Mai agogon awo ya buɗe totur duka ya yi ta kik har allura ta tsaya: CG mai lafiya kan kai psi 150 ko fiye, wanda ya faɗi kusa da 100 da ƙyar zai tashi. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa. Matsi ya ƙaru sosai, ringi da bulok ne. Bai motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kai. Shuɗin hayaƙi a babur mai bawul da safe kawai, sannan ya ɗauke, robobin bawul ne. Wanda ke ƙaruwa duk lokacin da aka ja totur, ringi ne. Ƙara mai nauyi daga can ƙasa, "ƙwal-ƙwal" da ke bin totur, kwanrod ne, a kashe inji nan take kafin ya buga.

In an buɗe, kada a wadatu da sabon ringi a tsohon rami. A tura ringin cikin bulok da kan fistin don ya zauna daidai, a auna tsagarsa. A CG sabo kan ba da milimita 0.15 zuwa 0.35, idan sabon ringi ya ba da fiye da 0.5, ko farce na maƙalewa a gaɓar da ke saman bulok, sai borin. Fistin na ƙari yana zuwa mataki-mataki, 0.25, 0.50, 0.75, 1.00, kuma fistin ake fara saye a kai wa mai borin tare da bulok, ya yanka daidai da shi. Wajen haɗawa, IN da ke kan fistin ɗin Honda na kallon kafireta, kibiyar da ke kan na masu 2T na kallon salansa, rubutun jikin ringi na kallon sama. A mai bawul a rarraba tsagogin ringi kada su hau layi ɗaya. A mai 2T kowace tsaga ta zauna kan ɗan ƙusarta. A toshe bakin inji da tsumma kafin a sa kilif ɗin fin, don in ya faɗa ciki sai an raba inji biyu.

Kilomita 500 na farko kada a wuce rabin totur, kada a ɗora kaya, sannan a zubar da baƙin man a sake duba bawul. CG ba ya cin fiye da lita ɗaya, 20W-50 na babur ya dace da zafin nan, kuma sandar awon mai ɗora ta ake yi a baki, ba a murɗa ta ciki. Ba shi da matatar baƙin mai ta takarda. Abin da yake da shi rariya ce a bayan babban murfin zubar da mai a gefen hagu, sai wata mai juyawa a bayan murfin kuloci da ke tara laka. Rariyar a wanke ta da kananzir duk canjin mai, a duba ko ta kama ɓarɓashin ƙarfe, a mayar da ita bakin robarta na kallon ciki, sifirin a bayanta. Murfin alminiyom ne, robar da ke wuyansa ce ke hana yoyo, in aka matse shi da ƙarfi tsagewa yake yi.